Legasi da UEFI: Hanyoyi Biyu na Tayar da Kwamfuta a Ma'aunin Masu Gyaran Kankiya

Mai kawo kwamfuta shagon gyara a Kankiya ba ya wuce tambaya biyu: nawa ne, kuma yaushe zan dawo. In ya ƙara ta uku, to roƙo ne kada a taɓa masa hotuna da takardu. Shi ma mai gyaran tasa tambayar ɗaya ce: “Oga, goma za a sa maka ko sha ɗaya?” Windows 10 ko Windows 11 ke nan. Amma tun kafin a kai ga goma ko sha ɗaya, akwai shawarar da mai gyara ke yankewa shi kaɗai, a lokacin da yake haɗa filashin da zai yi aikin da shi. Manhajar Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a 2011 kuma masu gyara da dama suka dogara da ita, tana da wani ɗan akwati da ke neman a zaɓi MBR ko GPT. In an ɗauki na farko, kwamfutar za ta riƙa tashi ta tsohuwar hanya, wadda ake kira Legasi. In an ɗauki na biyu, za ta bi sabuwa, wato UEFI. Mai kaya zai biya kuɗinsa, ya hau babur ya koma Kusada ko Rimaye, bai san an zaɓa masa komai ba, alhali zaɓin zai bi na'urar shekara da shekaru.

Daga danna maɓallin kunnawa zuwa fitowar tambarin Windows, kwamfuta ba ta ma san da wani Windows ba. Abin da ke fara farkawa wata 'yar manhaja ce da ke zaune cikin wani ayisi a jikin bod. Ita ke duba ko sikirin da kibod da sauran sassa suna nan lafiya, sannan ta nemo manhaja ta biyu a faifan ajiya ta miƙa mata ragama. Wannan ta biyun ita ce butloda, kuma aikinta ta ɗauko babbar manhajar ta ɗora. Ta Windows sunanta Windows Boot Manager. Ta Linux galibi GRUB ce, wadda Erich Boleyn ya fara rubutawa a 1995. Wanda duk ya riƙe wannan mataki ya riƙe na'urar gaba ɗaya, domin yana tashi ne tun antibairos ba ta buɗe ido ba.

Tsohuwar hanyar ta girmi yawancin masu aiki da ita. Ta zo da kwamfutar IBM ta 1981, tsarin MBR kuma ya biyo baya a 1983. Manhajar bod ta wancan zamani, wadda ake kira Bayos, ba ta iya karanta fayil ba, ba ta san folda ba. Abin da ta sani kawai ta je farkon faifai ta ɗebo bayit 512. A cikinsu 446 umarnin tashi ne, 64 jadawalin yadda aka yanka faifan ne, gida huɗu kacal, biyun ƙarshe kuma alama ce da ke nuna nan wurin tashi ne. Da ta ga alamar sai ta miƙa wuya ga duk abin da ke rubuce a wurin, ba ta tambayar wa ya rubuta.

Sabuwar kuwa a kamfanin Intel ta faro, ƙarshen shekarun 1990, da sunan EFI, don manyan na'urorinsa na Itanium. A 2005 ta koma hannun wata gamayyar kamfanoni, sunan ya zama UEFI. Ita ta iya karanta fayil. Ana ware mata ɗan yanki a faifai, galibi megabayit 100 zuwa 500, kowace babbar manhaja ta buɗe foldarta a ciki ta ajiye butlodarta. A 2011 aka ƙara mata abin da ake gani a saiti da sunan Secure Boot, wato tantance hatimi kafin tashi, kuma daga fitowar Windows 8 a 2012 Microsoft ya gindaya wa masu ƙera kwamfuta sharaɗin su fito da shi a kunne in suna son tambarinsa. Bayos kamar maigadin da ke buɗe wa duk wanda ya fara ƙwanƙwasa ƙofa da asuba ne. UEFI mai tantancewa kuwa maigadi ne da sai ka nuna masa takarda mai hatimi, ya gwada ta da jerin da aka ba shi, in ba ta ciki ya bar ka a waje.

Da jin haka sai mutum ya ce ai magana ta ƙare. Da ta ƙare ɗin, da a ce kwamfutocin yankin nan daga kwali suke fitowa.

Kankiya na kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, kuma ta nan kayan ke shigowa, daga Titin Beirut na Kano ko daga shagunan cikin Katsina. Mafi yawansu 'yan Beljiyam ne da suka gama bauta a ofisoshin Turai da Amurka: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, da na tebur irin Dell OptiPlex da ake girkewa a shagunan buga takardu, inda ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta garin ke buga furojet, 'yan sakandare kuma ke duba sakamakon jarrabawa. Shekarun kwamfutocin ba ɗaya ba ne. Mai Core 2 Duo ta wajen 2008 galibi Bayos kaɗai ta sani. EliteBook 8460p ta 2011 tana da ɗan UEFI na gwaji, amma ba ta da tantance hatimi. Daga irin su 840 G1 ta 2013 zuwa sama, duka hanyoyin biyu suna nan, sai wadda aka kunna. Can ɗaya gefen kuma, tun 2017 Intel ya sanar zai daina tallafa wa tsohuwar hanya daga 2020, saboda haka sababbin na'urori da yawa babu ma Legasi a saitinsu. Ke nan a kan tsofaffi tukuf da sababbi fil babu zaɓi. Gardamar tana kan na tsakiya ne, 'yan 2012 zuwa 2019, kuma su suka fi yawa a hannun malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma da ɗalibai.

A fara da abin da ke jan mai gyara zuwa Legasi, domin yana da hujja. Filashi ɗaya yake yi wa kowace kwamfuta aiki, tsohuwa da 'yar tsakiya, ba sai ya haɗa biyu ba. Kayan aikinsa na ceto, waɗanda yake tashin na'ura da su don ya kwashe fayil daga Windows da ya mutu ko ya gwada lafiyar faifai, wasunsu ba su da hatimin kowa, tantancewa a kunne ba za su tashi ba. Sannan akwai sabo tun zamanin Windows 7, wanda bai san Secure Boot ba kwata-kwata. A wancan lokaci dabarar da aka fi yi wa Windows na jabu rajista da ita wata 'yar manhaja ce da ke shiga gaban butloda, ta yi wa Windows ƙaryar cewa na'urar da lasisin kamfani ta zo. A kan MBR kaɗai dabarar ke ci. Wanda ya koyi sana'a a wannan zamani ya tashi da sanin cewa abu na farko in ka shiga saiti shi ne ka kashe Secure Boot ka kunna Legasi, kuma haka ya koya wa yaransa. Abin lura a nan shi ne, hanyar da wannan manhaja ke bi ita ce dai hanyar da bairos mai kama butloda ke bi. Ƙofar da aka bari a buɗe don ɗaya, a buɗe take ga ɗayan.

UEFI ma tana da nata sauƙin, sai dai ba a ganinsa ranar farko. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke son Ubuntu, wani nau'in Linux, kusa da Windows ya san wahalar MBR: gurbin tashi ɗaya ne, wanda aka sa daga baya shi ke take na farko. Ka sa Ubuntu, GRUB ta zauna. Ka sake sa Windows, ya share ta bai ko yi sallama ba, Ubuntu na nan cikin faifai amma babu hanyar isa gare shi. A UEFI kowa da foldarsa, mafi munin abin da kan faru shi ne wani ya tura kansa saman jeri, kuma danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo ya isa a zaɓi wanda ake so. Batun girma kuwa ba sai an daɗe a kansa ba. MBR ba ya wuce terabayit 2 da manyan yankuna huɗu, GPT kuwa Windows na ba shi har 128. Amma faifan da ake tashi da shi a nan ba kasafai yake wuce gigabayit 500 ba, kuma masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, waɗanda su ne ke da manyan faifai, suna iya yi wa faifan ajiyar GPT ko da kwamfutar ta Legasi take tashi. Saurin tashi da ake yi wa UEFI kirari da shi ma, sauya tsohon faifai mai juyawa da SSD ya fi kawo shi nesa ba kusa ba.

Inda ma'aunin ya fi rawa shi ne wajen jure wahala. A nan wuta na ɗaukewa ana tsakar aiki, batirin laftof da yawa ya mutu tun a Turai, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. GPT na ajiye jadawalin faifai sau biyu, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, da lissafin da ke nuna in wani ya lalace, don haka in farkon tsohon faifai ya fara rubewa akwai inda za a koma. MBR kwafi ɗaya gare shi, in ya tafi sai an yi farautar yankunan da wata manhaja. Wannan maki na sabuwar hanya ne. Amma tsohuwar tana ramawa ta wani gefen. A Legasi duk abin da ake buƙata don tashi yana jikin faifan. Bod ya ƙone, sai a zare faifai a sa a wata kwamfuta irinta, ta tashi, mai shago ya ci gaba da buga wa mutane takardu kafin azahar. UEFI kuwa tana ajiye jerin abubuwan da za ta tayar a cikin bod ɗin ne. In an sauya bod, Windows yakan lallaɓa ya tashi, amma Linux wani lokaci sai an sake rubuta masa suna a jerin.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke manne a bod. Shekara goma ta ishe shi mutuwa, kuma 'yar Beljiyam da yawa ta kai hakan. In ya mutu, agogo ya koma wata tsohuwar shekara, burauza ta ƙi buɗe shafin JAMB ko na banki saboda kwanan wata bai yi daidai ba. A wasu na'urorin saitin ma gaba ɗaya yake komawa yadda kamfani ya fito da shi. To ga kwamfutar da kamfani ya saita a UEFI, mai gyara ya juya ta Legasi ya sa Windows. Ranar da batirin ya cika, sai ta koma UEFI da kanta, ta duba faifai ba ta ga abin da ta sani ba, ta rubuta a baƙin sikirin cewa babu abin tashi. Mai ita ya rungumo ta hankali a tashe: “Malam, komai ya goge, har da sakamakon ɗalibai.” Babu abin da ya goge. Mai gyara na gari zai danna F10, ya mayar da saiti, ya sauya batir. Wanda bai sani ba, ko mai son kuɗin aiki, sai ya yi fomatin, a nan ne fa komai zai goge da gaske. Wanda ya bar na'ura a kan hanyar da aka ƙera ta da ita ya tsira daga wannan tarko.

Sai batun tsaro, wanda domin sa aka yi sabuwar hanyar. Tarihin tsohuwar a nan ba abin alfahari ba ne. Bairos na farko da ya yaɗu a kwamfutoci irin na IBM, mai suna Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, a gurbin tashi ya ɓuya. Shekara 30 bayan haka, a 2016, Petya ya bi ta MBR ya kulle wa mutane faifai yana neman kuɗin fansa. Ƙaninsa NotPetya, da ya ɓalle daga Yukiren a watan Yunin 2017, ya sa kamfanin jiragen ruwa na Maersk sake ɗora manhaja a kwamfutoci 45,000. A shagon da filashin ɗalibai hamsin ke shiga kwamfuta ɗaya a yini, ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan yadda cuta ke yawo ba. Bairos da ya zauna ƙasa da Windows yana iya ɓoye kansa daga duk abin da ke samansa.

Amma ita ma tantancewar an sha keta ta. A watan Yulin 2020 masu bincike na kamfanin Eclypsium suka bayyana wata ɓaraka a GRUB da suka kira BootHole, wadda ke ba da damar a yi amfani da butloda mai ingantaccen hatimi a shigo da abin da ba shi da shi. A watan Maris na 2023 kamfanin ESET ya yi bayanin BlackLotus, wanda a lokacin ake sayarwa dala 5,000, yana kuma tsallake tantancewa a Windows 11 mai cikakken sabuntawa. Dabararsa mai sauƙi ce: ya zo da tsohuwar butlodar Microsoft mai rauni, wadda hatiminta na gaskiya ne kuma ba a soke shi ba a lokacin. A watan Yulin 2024 kuma kamfanin Binarly ya gano ɗaruruwan nau'o'in kwamfuta da aka fitar kasuwa da mabuɗin gwaji, wanda a jikinsa ma an rubuta kada a amince da shi. Gyaran ɓaraka ma yakan zo da nasa rikici: a watan Agustan 2024 wata sabuntawar Windows da aka yi don toshe tsofaffin butlodoji ta hana Linux tashi a kwamfutocin mutane da dama masu amfani da duka biyun. Duk da haka akwai bambanci, kuma adalci ne a faɗe shi. Keta sabuwar hanya aiki ne na ƙwararru masu jari, in an gano kuma ana iya soke hatimin. Tsohuwar ba ta da abin da za a keta balle abin da za a soke.

Wata tambayar ita ce wa ke riƙe da hatimin. A kusan kowace kwamfuta da ke kasuwa, mabuɗan Microsoft ne a cikin jerin. Wannan ya tayar da ƙura tun 2011, inda masu rajin 'yancin manhaja irin Free Software Foundation suka ce ana shirin hana mutum ɗora abin da yake so a na'urar da ya saya da kuɗinsa. Sulhun da aka samu shi ne wata 'yar manhaja mai suna shim, wadda Matthew Garrett ya rubuta a 2012: Microsoft ya sa mata hatimi, ita kuma ta tantance GRUB. Da ita Ubuntu da Fedora ke tashi tantancewa a kunne, Debian ma ta bi sahu a 2019. Kali Linux, da samari masu sha'awar harkar tsaron intanet ke rububi, ba ya cikin wannan sulhu, sai an kashe tantancewa yake tashi. Masu gyaran waya sun fi kowa sanin inda wannan hanya ke iya kaiwa. Butlodar Tecno da Infinix da Samsung a kulle take zuwa, kuma inda aka yarda a buɗe ta, buɗewar na share duk abin da ke cikin wayar. A kwamfuta har yanzu mai ita na iya shiga saiti ya kashe, har ya sa nasa mabuɗin. Legasi ba ta taɓa neman izinin kowa ba, kuma ga mai ganin na'urarsa tasa ce shi kaɗai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To, duk wannan kan bairos ne da ɓarayin nesa. Wanda ya fi damun mai shago a Kankiya ko Gidan Mutum Ɗaya yana kusa: yaron da aka bar wa shago, kwastoma mai ƙarambani, ko wanda ya sungumi jakar laftof a tasha. A gaban wannan mutum hanyoyin biyu kusan kunnen doki suke. Tantance hatimi ba ta hana kowa ya sa filashin Ubuntu ko na Windows mai hatimin gaskiya, ya tashi na'urar da shi, ya kwashe fayiloli ba tare da ya san kalmar sirrin kowa ba. In ma ta tsaya masa a hanya, ya shiga saiti ya kashe ta. A Linux abin ya fi haka sauƙi: in jerin GRUB ya fito, danna harafin e na buɗe layin umarni, ƙara kalmomi kaɗan a ƙarshensa na ba mutum cikakken iko. Shi ya sa tsofaffin manhajojin girka Linux na Red Hat suka riƙa tambaya tun ana cikin aiki ko za a sa wa butloda kalmar sirri. Yanzu a Fedora da danginta umarnin grub2-setpassword ke yin wannan, na'ura ta tashi yadda ta saba amma ba mai taɓa layin sai da kalmar. A Ubuntu da Debian ana bi ta grub-mkpasswd-pbkdf2, kuma sai an kula, domin in ba a saita da kyau ba za ta riƙa neman kalmar a kowane tashi, wuta ta ɗauke sau biyar a kira oga sau biyar. Kada kuma a sa haruffa masu ƙugiya a ciki, domin a wannan mataki kibod ɗin Amurka kaɗai GRUB ta sani. Ita ma wannan kariya ta taɓa ba da kunya: a watan Disambar 2015 Hector Marco da Ismael Ripoll na wata jami'a a Balensiya ta Sifaniya suka nuna cewa danna maɓallin gogewa sau 28 na tsallake ta. An toshe wannan tuni.

Kalmar sirrin butloda ba ta da amfani in ba a kulle saitin bod ba, a kuma hana tashi daga filashi. Wannan kullen yana nan a Legasi, yana nan a UEFI, sai dai ƙarfinsa ya danganta da na'urar. A kwamfutar tebur ta da, zare batirin nan ko matsar da wata 'yar jamfa a bod na share shi, don haka sai an haɗa da kwaɗo a jikin akwatin. A ThinkPad da EliteBook kuwa kalmar na zaune cikin ayisi, zare batir ba ya taɓa ta. Wannan alheri ne ga mai na'ura, masifa ce ga wanda ya sayi 'yar Beljiyam da wani ofishin Turai ya manta bai cire tasa ba. Mai saye ya danna F10 ko F2 ko F1 tun yana gaban mai sayarwa, ya ga ko saitin na buɗuwa, kafin ya ƙirga kuɗi.

Ko an yi duk wannan, mai sukurdireba na iya zare faifan ya karanta a wata kwamfuta. Maganinsa ɗaya ne, a kulle faifan kansa, da BitLocker a Windows ko LUKS a Linux. A nan sabuwar hanya ta fi dacewa, domin BitLocker na aiki da wani ayisin tsaro mai suna TPM, wanda ba ya sakin mabuɗi sai ya ga na'urar ta tashi yadda ta saba. Amma kaifin wuƙar biyu ne. Windows 11 na baya-bayan nan yakan kulle faifai da kansa in an shiga da asusun Microsoft, ya ajiye mabuɗin ceto mai lamba 48 a cikin asusun. Sau da yawa a shago aka buɗe asusun, da imel ɗin da mai kwamfutar bai taɓa riƙe kalmarsa ba. Ranar da wani mai gyara ya kashe tantancewa don ya tashi filashinsa, sai shuɗin sikirin ya fito yana neman lamba 48. In babu su, babu gwanin da zai fito da fayil ɗin, ko a Kano ko a Legas.

Lokaci ma ya shigo cikin awon. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 a watan Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11, da ya fito a watan Oktoban 2021, yana neman UEFI, da na'urar da ke iya tantance hatimi, da TPM 2.0, da injin Intel na zubi na takwas zuwa sama ko makamancinsa. Rufus na iya tsallake waɗannan sharuɗɗa, kuma ana yi, amma Microsoft bai yi wa irin wannan na'ura alkawarin sabuntawa ba. Sabuwar hanyar ma tana da nata wa'adin: takardun shaidar hatimin Microsoft na 2011 da aka dasa a kwamfutoci suna fara ƙarewa ne daga watan Yunin 2026. Na'urar da ba ta karɓi sababbi ba za ta ci gaba da tashi, sai dai gyare-gyaren tsaron butloda na gaba ba za su iso ta ba. Laftof ɗin da ba ta ganin intanet sai an kunna mata data daga waya na minti goma tana cikin masu wannan haɗari.

In an tara duka, ni dai ina ganin sabuwar hanya ta rinjaya a kan duk na'urar da ke da ita cikakkiya, wato daga wajen 2013 zuwa yau. Rinjayen bai kai yadda masu talla ke faɗa ba, amma abin da ake biya kaɗan ne: filashi na biyu, da ɗan haƙurin koyon sabon saiti. Abin da Legasi ta fi ta da shi, sauƙin sauya faifai da tashin kowane kayan ceto, riba ce ta mai gyara a ranar gyara, mai kwamfuta kuwa shi zai zauna da buɗaɗɗiyar ƙofa sauran kwanakin shekara. Wanda aka riga aka sa wa Windows 10 a Legasi ma ba sai an yi masa fomatin ba, tun 2017 akwai umarnin mbr2gpt da ke juya faifan fayiloli na nan, a kwafe muhimman abubuwa tukuna don gudun tsautsayi, sannan a sauya saitin bod. Mai gyara in ya kashe tantancewa don aiki, ya tambayi lamba 48 ɗin kafin ya taɓa komai, ya kuma sake kunna tantancewar in ya gama.

Sauran ya danganta da inda na'urar ke kwana. Ta shago, da hannu da yawa ke taɓawa, a kulle saitinta, a hana ta tashi daga filashi, mai shago ya rubuta kalmar a littafin da yake ajiyewa a gida. Laftof ɗin ma'aikacin lafiya ko malamin da ke yawo da bayanan mutane tsakanin Kusada da Katsina, a kulle faifanta, a buga lambobin ceto a takarda a ba shi a hannu. Tsohuwar Core 2 Duo kuwa a bar ta a Legasinta, tunda ba ta san wata ba. A sauya mata batirin bod, ta ci gaba da buga takardun gayyatar biki da furojet, in da hali a sa mata Linux mara nauyi mai samun sabuntawa, amma harkar banki da ta POS a nema musu wata na'urar.